Mazubin da Na Haɗa wa Kawu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki duba ƙarƙashin filo, can take ɓoye maganin.

Kin tambayi Kawu. Yana nan, taurin kansa ma yana nan. Kin san shafinmu na sayar da tikitin mota ba a ofis yake zaune ba, yana kan injinan da muke haya ta intanet, waɗanda ba mu taɓa gani da ido ba. Duk sanda aka yi wa shafin gyara, sai Kawu ya bi injinan ɗaya bayan ɗaya yana buga umarni da hannu, hancinsa kamar zai taɓa gilashin kwamfuta. Idon ya tafi, ya hana a faɗa. Makon jiya ya tsallake inji guda, wasu fasinjoji suka ga sabon farashi, wasu tsoho. Manaja, wanda ba abin da ya iya sai fesa turare, ya tsaya a kansa yana zazzaga masa faɗa gaban kowa. Kawu fa, mutumin da ya ɗauke ni daga bakin titi ya zaunar da ni gaban kwamfuta! Na buɗe baki, Kawu ya taka min ƙafa.

Na karanto wata hanya. A shirya inji guda tsaf, a mai da shi mazubi, kamar na bulo. Gyara ya zo, a zubo sababbi, a kashe tsofaffin, ba jinya ba lallashi. Kawu ya ce shi bai iya yanka abin da ya raina da hannunsa ba. Zan haɗa ko ya so ko ya ƙi, idonsa ya huta.

Ki gaida kowa.
Ƙaninki, Sarkin Tsiwa

Yaya,

Ina gaisuwa, ya jikin Inna? Wasiƙarki ta zo, na ga addu'ar da kika yi wa mazubina. To, ta karɓu, har ta wuce gona da iri.

Abin ya yi aiki. Aikin da ke cinye wa Kawu yini, yanzu kafin shayi ya huce an gama. Manaja ya dafa kafaɗata, ya tambaye ni wa zai iya danna maɓallin da ke zubo sababbin injinan. Ni da bakina, don in burge, na ce ko masinja. Ya yi murmushi. Washegari ya kira Kawu ofis ya rufe ƙofa.

An ce ƙarshen wata Kawu ya ajiye aiki. Na shiga na faɗa wa Manaja abin da ba zan rubuta miki ba, na ce in Kawu ya fita ƙafata ƙafarsa. Kawu ya ja ni baranda, ya ce gida ɗaya ba ya ɗaukar marasa aiki biyu, in koma in ba da haƙuri. Na bayar, Yaya. Har yanzu bakina ɗaci yake.

Kada Inna ta ji tukuna.
Ƙaninki

Yaya,

Gaisuwa. Lafiyata ƙalau, in ana kiran wannan lafiya.

Abu ɗaya Kawu ya roƙa: a bar masa injinsa na farko, wanda yake kira Gyatuma, ya kashe ta da hannunsa ranar tafiya. Na yi alkawari. Ya zo da sabuwar riga, ya zauna, ya buga umarnin kiranta, shiru. Ya ɗauka idonsa ne, ya sake bugawa a hankali. Ni na gane. Tsarina yana share duk injin da ba daga mazubi ya fito ba, bai san Gyatuma ba, ya gama da ita tun kafin mu iso.

Na jira ya zage ni. Sai ya ce, “Aikinka ya yi kyau, ɗana. Ba ya tsallake kowa.”

Sun ba ni teburinsa. Kwamfutar tana nan a bakin tebur inda ya jawo ta, tana ƙona min ido. Ban matsar da ita ba.

Ki faɗa wa Inna yanzu. Ki ce ni ne sila.

Ƙaninki, Sarkin Tsiwa