Tawadar Kwalba da Fuskar Umma

Zuwa ga mahaifiyata, Malama Rakiya mai ƙosai ta unguwar Wambai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da ladabi irin wanda ban cika yi miki ba kina raye, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ne Nura. Na san ba a kai wasiƙa inda kike, kuma na san ko da ana kaiwa sai kin nemi mai karanta miki. Na sa ta a shafina na intanet ne don ba ni da wani wurin ajiye ta. Masu leƙe su leƙa, ba da su nake ba.

Laifi na yi, Umma, shi na zo in faɗa miki. Saura kaɗan in ɓatar da fuskarki.

Kin san halinki da hoto. Da an ɗaga waya a gidan biki sai ki ja mayafi ki rufe rabin fuska, ki ce ke ba amarya ba ce. Na katin zaɓenki kuwa wallahi ba ke ba ce, wata mata ce da aka tsorata. Sau ɗaya tak na same ki. Wata safiyar Asabar kina bakin kasko, na kira ki daga baya kamar wani abu ya faru. Kika juyo da matsamin ƙosai a hannu, kika ga waya, dariya ta riga faɗan fitowa. Wushiryarki ta fito. Tabon man da ya taɓa fallatsar miki a kumatu ya fito. Jan ɗankwalinki mai ɗigo-ɗigo ya ɗan zame baya. Kika ce in goge. Na ce na goge. Ƙarya na yi miki, kuma cikin ƙaryace-ƙaryacena ita kaɗai ce ban yi nadamarta ba.

Wata bakwai bayan nan kika tafi.

Ke kika fi kowa sanin yadda na koyi karatu. A aji huɗu na bar makaranta, sauran a gindin kaskonki na ƙarasa, daga tsofaffin jaridun da kike yagawa kina ƙunshe wa mutane ƙosai. Kullum rabin labari nake samu, ɗaya rabin ya tafi gidan wani da maiƙo a jikinsa. Kina fizge takardar kina cewa, "Malam, ba ni, mai saye na jira." To karatun nan ya buɗe mini ido, ya kuma kumbura mini kai. Abin da na karanta da kaina, ko liman ya ce ba haka ba ne sai na ja da shi. Sau nawa kika ce mini, "Nura, haɗiye rabin maganarka, rabin ma ya ishi mutum." Ban taɓa haɗiyewa ba.

Kin tuna firintar da na sayo ta hannu, wadda kika ce tana kuka kamar akuya mai naƙuda? Da ita nake buga wa 'yan unguwa fasfo, masu neman aiki a Abuja da masu cike fom ɗin makaranta. Tawadarta ta asali, wadda kamfani ke rufowa cikin ɗan akwatinta, ta fi ƙarfina. Sai na karanta a intanet cewa ba dole ba ne. Huda akwatin ake yi, a zuƙo tawadar kwalba da sirinji a ɗura. Kwalba huɗu ce: baƙa, shuɗiya, ja, rawaya. Wani ya rubuta wai babu wani bambanci, kamfanoni ne kawai ke cutar talaka. Maganar ta yi mini daɗi, don na tsani kamfanonin tun kafin in san laifinsu. Firintar da kanta takan rubuto gargaɗi, wai ba ta san wannan tawada ba. Sai in danna mata ta ci gaba, in ce ba a tambaye ki ba.

Akwai Emeka, mai gyaran firinta a bayan babbar kasuwa, wanda ya girme ni nesa, ya kuma fi wasu 'yan garin nan iya Hausa. Yana ganin yatsuna shuɗi da ja ya gane. Ya ce tawadar da nake saye ta rasit ce da takardar ofis, abin da za a karanta a jefar. In hoton ajiyewa ne, rana za ta shanye shi. Ko in nemi ta asali, ko in kai ɗakin wankin hoto, ko in nemo ta kwalbar ma amma wadda aka yi don hoto, tunda ba duka suka zama ɗaya ba. Na ce masa kayansa yake so in saya. Na ce shekara biyu ina buga fasfo, ko mutum ɗaya bai dawo ya yi ƙorafi ba. Ya yi murmushi ya ci gaba da kwance abin da yake kwancewa. Sai yanzu na gane. Fasfo a fayil yake ƙarewa, cikin durowar ofis, cikin duhu. Wa zai dawo?

Ranar addu'ar arba'in ɗinki na so in yi abin da babu wanda ya yi. Wasu sun kawo gumba, wasu waina. Ni kuwa na buga hotonki guda goma sha uku a takarda mai sheƙi, na sa kowanne a firam, na raba wa dangi da maƙwabta. Ya fito, Umma, kamar ki yi magana. Yaya Hadiza ta rungume nata ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai da aka watse.

Sai yayarki, Inna Asabe ta Diko. Ta karɓa, ta daɗe tana dubawa, sannan ta zare hoton ta miƙo mini firam ɗin. Ta ce ita ba ta rataye mamaci a bango, kowa ya shigo yana kallo. A gaban mutane ta faɗa. Kin san ɗanki. Na ce da ma lokacin da kike kwance a asibiti sau nawa ta zo, balle yanzu da ba ki da abin ba ta. Na san gwiwoyinta da ƙyar suke hawa mota. Na san ita ta yi miki wanka, ita ta naɗe ki a likkafani. Duk na sani a daidai lokacin da nake faɗa. Ta sa hoton cikin mayafi, ta nemi takalmanta. Shekara biyu ban taka Diko ba, ita ma ba ta taka Wambai ba.

A damina ta farko wayar ta lalace, ta kunna amma ta ƙi buɗewa. Mai gyara ya ce sai an wanke ta tas, komai zai tafi. Ya ce in akwai abin da nake so a ciki, in bari ya kai ta Abuja a fara cirowa, kwana kaɗan ne. Sau biyu yana tambayata. Na ce wanke. Kina takarda a gida goma sha uku, me zan ji tsoro? Har wa'azi na yi masa, wai takarda ta fi waya riƙon amana.

Nawa daura da taga na rataye shi, don in buɗe ido da safe ke zan fara gani. Ashe rana ma ke take fara gani. Ban lura ba, abin da mutum ke kallo kullum ba ya ganin tafiyarsa. Yaya Hadiza ce ta kira daga Minna ta ce, "Nura, me ya sa Umma ta zama kore?" Na ce idonta ne, ta je a duba mata. Ina kashe wayar na sauko da firam ɗin na fita da shi tsakar gida.

Jan ne ya fara tafiya. Ɗankwalinki ya koma kalar ruwan wanki. Fatarki ta yi wani kore-kore kamar ganyen da ya kwana a ruwa. Tabon kumatunki babu shi, kamar ba a taɓa ƙona ki ba. Wushiryar kawai ta rage, da ido biyu da suka koma ruwan ƙasa.

Sati uku ina bin gidaje ɗaya bayan ɗaya. Na Kawu Sule yana falo sama da talabijin, ya fi nawa lalacewa. Na Maman Blessing, wadda ba ta taɓa karya kumallo da ƙosan wata ba sai naki, yana shagonta yana fuskantar titi, inuwa kawai ta rage. Wata ta ce nata ya ɓace a tashin gida, ta faɗa ko a jikinta, na kuwa gaya mata abin da ya sa har yau ba ma gaisawa. Kowa ya rataye ki a inda ya fi haske a ɗakinsa, saboda so. Su ba su yi laifi ba. Ni na san tawadar da na zuba.

Na ɗauki mai ɗan dama-dama na kai wa Emeka. Na shirya ya ce ai ya gaya mini, na ma tanadi amsa. Bai ce ba. Ya juya shi a hannu, ya ce kwamfuta za ta iya mayar da kala, amma abin da ya goge ya goge, sai dai ta yi ƙirƙira. Za ta ba ni wata mata kyakkyawa mai jan ɗankwali, ba uwata ba. Sannan ya tambaye ni ko cikin duka babu wanda ba a taɓa ratayewa ba.

Inna Asabe ce ta faɗo mini a rai. Kin ji, Umma, ni Nura, na yi shiru.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Na fara manta ki. In na rufe ido, koriyar fuskar nan ce take zuwa, ta tare taki. Rannan ina tsaye a bakin titi ina jiran keke, na kama kaina ina tambaya: tabon nan a hagu yake ko a dama? Uwata, wadda na yi shekara ashirin da biyu ina zaune a gefen kaskonta. Keke uku suka tsaya suka wuce ban shiga ba.

Jiya Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, na hau motar Diko. Tun daga tasha nake tsara jawabi, da gabatarwa da hujjoji, har da wurin da zan nuna mata ita ma ta yi kuskure da ta mayar mini da firam a gaban jama'a. Na same ta a ƙofar ɗaki tana tsintar wake, ƙafafu a miƙe. Ta tsufa, Umma. Kuma in ta sunkuyar da kai, ta gefe, ke ce. Na durƙusa. Na ce, "Inna, ki yafe mini." Iyakar abin da ya fito ke nan.

Ta ci gaba da tsintar wakenta har na ɗauka ba ta ji ba. Can ta ce, "Ka rame. Wa ke dafa maka?"

Na ce babu kowa. Na gaya mata komai, tawadar, tagar, wayar. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce in jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. Ta ɗaga atamfofi ɗaya bayan ɗaya, har ƙasa. Hoton yana naɗe cikin jan ɗankwalinki mai ɗigo-ɗigo, wanda na yi ta nema bayan rasuwarki har na zargi mutane da sata. Kafin ta warware, ni na tashi na tura ƙofa na saki labule.

Kina nan. Jan yana nan, dariyar tana nan, matsamin yana ɗigar mai. Tabon a hagu yake.

Inna ta ce, "Ban ce ba na son ganinta ba. Ƙanwata ce. Na goya ta kafin ta goya ka." Ta ce duk Juma'a take buɗewa, ta yi miki addu'a, ta mayar.

Na ɗauke shi a waya. Nan take na tura wa Yaya Hadiza, na kuma ajiye a wuri uku. Ranar Litinin zan kai ɗakin wankin hoto kamar yadda aka gaya mini tun farko. Inna ta miƙo mini na takardar ta ce in tafi da shi, tunda ni na yi. Ina da magana a baki, doguwa, kan yadda ni na fi kowa haƙƙi. Na ce, "Ajiye, Inna. A wurinki ta tsira." Kin ji, Umma? Na haɗiye. Shekara biyu a makare, amma na haɗiye.

Yanzu ina ɗaki, da hantsi. Ƙusar tana nan a bango babu komai a kanta. Koren ban iya jefarwa ba, na naɗe shi a tsohuwar rigata na sa a ƙasan jaka. Kwalaben huɗu suna kan tebur, fasfo dai da su zan ci gaba, amma duk wanda ya kawo mini hoton wani nasa yanzu, sai na zaunar da shi na gaya masa gaskiya, ko da zai tashi ya tafi. A wurin da kike suya wata ce take suya. Ƙamshin yana shigowa ta tagar nan kowace safiya, kuma ba irin naki ba ne. A leda take ƙunshewa. Ko rabin labari babu.

Inna ta ce in riƙa zuwa Juma'a mu buɗe tare, in ci abinci kafin in koma. Na ce to.

Allah Ya jiƙan ki, Umma. Allah Ya yafe miki kurakuranki, Ya yafe mini nawa da ke da 'yar'uwarki. Allah Ya ba Inna Asabe lafiyar gwiwa da tsawon kwana. Allah Ya yalwata kabarinki, Ya cika shi da haske, irin wanda ba ya cin fuska. Ya sa in gane ki daga nesa ranar da za mu haɗu, ko ba hoto a hannuna.

Ɗanki mai baki,
Nura
Wambai, Suleja