Talabijin Ɗin Khalu Gwadabe

Khala Lami, don Allah ki taimake ni kafin in yi abin da zai sa dangi su daina amsa gaisuwata. Raina a ɓace yake ƙwarai, kuma wanda ya ɓata min shi mutum ne da ba ni da bakin yi wa ƙorafi.

Mu 'yan unguwar Hajj Yusuf ne. Da yaƙi ya tashe mu, ni da Yumma, mahaifiyata, muka raɓu a unguwar Alsawra da ke Omdurman, gidan ƙaninta Khalu Gwadabe, wani kafinta. Yayana Abdulmun'im ya wuce Alƙahira neman aiki. Yana can mahaifinmu ya rasu, bai samu zuwa jana'iza ba, kuma tun daga nan ya zama wani iri. In an kira shi a waya, alhamdulillahi ne, lafiya lau, a gai da Yumma, ya kashe. Abu ɗaya ne ke buɗe masa baki, shi ne wani wasan kwamfuta da muke yi tun muna gidanmu. Mutum biyu ne ɗaure da igiya ɗaya suna hawan dutse, in ɗaya ya kuskure tsalle sai ya janyo ɗayan su faɗo tare. Duk Juma'a bayan la'asar, in akwai wuta da shabaka, wato intanet, mukan haɗu a ciki, kowa da samma'a, abin sauraro da magana, a kunne. Muna hawa yana magana. A nan na ji halin da yake ciki, a nan ya fara ambaton Baba, a nan na sake jin dariyarsa. Kada wani ya ce min wasa ne kawai, don zan iya yi masa rashin kunya.

Kwamfutar tsohuwa ce. Ita na rungumo a raksha, keken haya mai ƙafa uku, ranar da muka fito, da ɗan ƙaramin allonta mai tsagewa a kusurwa. Na san iyakar ƙarfinta, shi ya sa na zauna na rage mata kaya: na rage girman hoto, na kashe inuwa, na rage ciyayi da ƙyallin ruwa. Hoton ba kyau, duwatsun kamar na kwali, amma yana tafiya sumul, firam sittin, wato hoto sittin, a daƙiƙa. Ina danna tsalle, mutumina na cikin wasan ke tashi.

Ranar nan na dawo daga kasuwa na tarar allona ba ya nan. A wurinsa ga ƙaton talabijin ɗin diwan, ɗakin baƙi, wanda Khalu da abokansa ke kallon ƙwallo da shi. Shi da kansa ya ɗauko ya kawo ɗakinmu, har ya ƙera masa teburi. Ya ce ba zai yiwu 'yar yayarsa ta riƙa ƙyafta ido a gaban fasasshen gilashi a gidansa ba alhali yana da wanda ya fi. Allona kuwa ya kyautar wa wani maƙwabci, ko tambayata bai yi ba. Bai tsaya nan ba, ya kirawo abokinsa Mainasara mai gyaran waya, wanda ya shiga saitin wasan ya kai komai ƙololuwa. Suka tsaya suna masha Allah, wai dubi ruwa kamar a sha.

To ruwa ya yi kyau, amma wasa ya mutu. Firam ya sauko ƙasa da ashirin. Hoto ya tafi ya cije, ya tafi ya cije. In na danna tsalle sai mutumina ya gama shawara kafin ya motsa, lokacin mun riga mun isa ƙasa. Fankar kwamfutar tana ta gurnani a wannan zafin na Omdurman, wani lokacin ma ta kashe kanta. Ni da na fi Abdulmun'im iya wasan nan, yanzu ni ce ke janyo shi rami.

Na yi godiya, me zan yi? Mutumin da ya ba mu ɗakinsa, yanzu ƙwallo ma gidan maƙwabta yake zuwa kallo saboda ni. Sai na koma ina rage saitin a ɓoye. Amma a wannan ƙaton gilashin, da na rage sai hoton ya dusashe, kowa ya gani. Khalu yana leƙowa sai ya ce abin ya sake lalacewa. Kafin Juma'a ta zagayo ya kirawo Mainasara, an dafa masa jabana, kofinmu na gargajiya, ya mayar da komai sama, ya kuma yi bayani da cikakken baki cewa ɗauke wuta ne ke goge saitin. Wallahi in na gan shi a kan kujerata yana kurɓar kofi yana lalata min aiki, ji nake kamar in juye masa tukunyar a ka. Waye ya ce masa gyaran waya da wasan kwamfuta abu ɗaya ne?

Wani abin haushin, duk Juma'a Khalu sai ya zo ya tsaya a bayana har a gama. Ina fama da dutse yana tambayata me yaron ya ce, ya yi dariya kuwa, yana cin abinci. Ko numfashi ba a bari in yi.

Abdulmun'im ban gaya masa gaskiya ba, na ce shabaka ce. Dama yana jin nauyin barin mu a gidan wani, in na kai masa ƙarar Khalu ban san me zai biyo baya ba. Wancan makon muka yi ta faɗowa daga wuri ɗaya har ya ce in na gaji da wasan kada in takura kaina saboda shi, shi ba yaro ba ne. Juma'ar da ta wuce bai shigo ba. Saƙo kawai ya turo, wai yana da aiki. Na san yayana, in ya rufe ƙofar nan ba wata da zan bi in same shi.

Yanzu me zan yi? In sa wa kwamfutar lambar sirri a gidan wanda ya rufa mana asiri? In je in roƙi maƙwabci ya dawo da kyauta? Yumma ta ce in haɗiye, wai ina jin kunyar duniya kuwa. Ni kam har na fara tunanin in kwashi kwamfutata in koma Hajj Yusuf, ko da gidan ba ƙofa ba taga.

'Yar Hajj Yusuf mai fushi, daga Alsawra

*

'Yata, Allah ya ji ƙan mahaifinku. Fushinki yana kan hanya. An ɗauki kayanki an kyautar ba a tambaye ki ba, wannan kuskure ne ko da zuciya ɗaya aka yi. Shi kuma Mainasara ya faɗi abin da bai sani ba, ɗauke wuta ba ya zaɓar inuwa da ciyawa ya rage su. Amma zan gaya miki wadda ba za ki so ji ba. Mutane biyu kike ɓoye wa gaskiya don kada ransu ya ɓaci, kuma ɓoyewar ce ke cutar da ku duka. Kawunki yana gyara abin da ya ɗauka ya lalace, yayanki yana janye jiki daga ƙanwar da ya ɗauka ta gaji da shi. Ba wanda ya san abin da kika sani.

Ki fara da Abdulmun'im, yau, kada ki jira Juma'a. Ki aika masa da murya, ba rubutu ba. Ki ba shi labarin talabijin ɗin yadda kika ba ni, har da jabanar Mainasara. Wannan ba kai ƙara ba ne, labarin kawu ne da ya so ki har ya yi ɓarna, kuma ina kyautata zaton dariya zai yi. Ki faɗa masa a fili cewa ba ki gaji ba, cewa wannan la'asar ɗin kike jira duk mako. Mutumin da ke cikin halin da kika kwatanta ba ya gane ishara.

Batun na'ura kuwa, ni ma da tsohuwar kwamfuta nake lallaɓawa, kuma hanyarki ce daidai. Babban talabijin yana neman ɗigon hoto ninkin-ba-ninkin na ƙaramin allo, katin hoton kwamfutarki ba zai iya ɗauka ba. Kafin a samu wani allon, ki sauke girman hoton daga saitin kwamfutar kanta, ki duba talabijin ɗin ki kunna yanayin da aka tanada don wasa, shi zai rage jinkirin da ke tsakanin dannawa da tsalle. Inuwa da ƙyallin ruwa su suka fi cin ƙarfi, su za ki fara kashewa, sai nisan gani. Launin duwatsu kina iya barinsa a tsaka-tsaki in bai ja ki baya ba, hoton zai ɗan yi kyan gani. Ki ƙayyade firam a inda kwamfutar za ta iya riƙewa ba hawa ba sauka, don talatin tsayayye ya fi sittin mai tangaɗi. Sannan ki kashe ta, ki buɗe ki hure ƙurar da ke cikin fanka, ki ɗaga ta daga ƙasa inda za ta sha iska. Kashe kanta da take yi zafi ne.

Lambar sirri kada ki sa, zagi ne. Maƙwabci ma ki bar masa kyautarsa, don karɓo ta zubar da mutuncin kawunki ne. Hajj Yusuf kuma ba da fushi ake komawa ba.

Ga abin da za ki yi. Ki sami kawunki shi kaɗai, ba a gaban Mainasara ba. Ki zaunar da shi a kujerar, ki sa shi ya gwada tsalle ɗaya da saitin abokinsa, sannan ya gwada da naki. Kafinta ne, ya san ƙofar da ta sha ado amma tana cijewa, hannunsa zai gaya masa kafin ki yi dogon bayani. Daga nan ki ce masa ke ce kike ragewa, kunya ce ta hana ki faɗa. Ki roƙe shi ya mayar da talabijin diwan, domin ba kya jin daɗin ganinsa yana zuwa kallo gidan mutane. Amma kada ki bar shi hannu sake. Irin kawunki ba ya samun sukuni sai ya ga ya yi wa baƙonsa wani abu, saboda haka ki ba shi aikin da zai amfane ki: ki ce shi kike so ya nemo miki ƙaramin allo, ya kuma ƙera wa kwamfutar mazauni mai shan iska. Za ki ga yadda zai tashi a kai.

Saura magana ɗaya, wadda kika rubuta da hannunki cikin haushi kika wuce. Kin ce yana tsayawa a bayanki duk Juma'a yana tambayar ko yaron ya yi dariya, ko yana cin abinci. Wanda ya zo kallon ruwa da ciyawa ba ya yin wannan tambayar. Shi ma alhamdulillahi da lafiya lau kawai yake samu a waya, kuma ya gane cewa ɗan yayarsa yana magana ne a cikin wannan wasan kaɗai. Ina ganin shi ya sa ya kai wa wasan abu mafi daraja da ke gidansa.

Ranar da Abdulmun'im ya dawo wasan, in kun kai wani tudu da za a iya tsayawa, ki cire samma'ar ki sa wa kawunki a kunne, ki ba su wuri. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya haɗa fuskokinku a Hajj Yusuf cikin aminci.

Khala Lami