Hoton da Aka Tura wa Baffa

Dawaki, Gombe

Hamma Bakari,

Assalamu alaikum. Yaya Inna da ciwon ƙafarta? Yaya shanu da damina?

Ni lafiya lau. Karatun share fagen da ake mana, mu 'yan matan da za mu fara injiniyanci, yana tafiya daidai. Wuyana ma ya daina ciwo, sai in na waiwaya.

Hamma, hoton da aka tura wa Baffa ni ce a ciki, sanye da wando da hula, amma ba a faɗa masa dalilin wandon da hular ba. Makon jiya injin yankan ƙarfe ya kama bakin hijabina ya fizge ni. Ƙawata Hilda ce ta kashe wutar. Shi ne malamarmu ta ba ni wandon aiki da hula in riƙa sawa maimakon hijabin.

Yanzu Baffa ya ce in tattara in dawo Gembu, kuma ba ya ɗaukar wayata. Don Allah ka same shi bayan asuba, lokacin yana sauraron mutum. Ka ce masa ina fitowa daga ɗakin injin nake mayar da hijabina.

In ya ƙi, ba zan sake sa wandon ba, amma ba zan bar karatun ba. Da hijabin zan koma gaban injin.

Ƙanwarka,
Suwaibatu