Simintin Inna Ya Zama Dutse

Zuwa ga ƙanena Isuhu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiyarka, yaya zafin Yamai? Yaya Hadiza da yara? Mu nan Tsarnawa lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi, alhamdu lillahi.

Simintin da ka sa aka kawo daga Malbaza don daɓen ɗakin Inna ya iso, amma da kunya nake ba ka labarinsa. Direban da ya sauke shi ya ce, "Baba, in nuna maka yadda ake kwaɓa shi?" Na ce masa tun ba a haife shi ba nake gini.

Sai na yi masa yadda muke yi wa ƙasar gini. Na kwaɓa shi duka a tsakar gida, na soka fartanya a ciki, na bar shi ya kwana ya tsima. Da safe na iske dutse. Fartanyar kuwa ta maƙwabcinmu Garba ce, tana nan tsaye, ƙarti sun ja sun kasa. Inna ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "To, na samu wurin shanya kuɓewa." Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Don Allah ka tambayi magina can, mi ya sa ruwan da ke jiƙa ƙasa ta yi laushi yake mai da siminti dutse? Amma kada ka ce yayanka ke tambaya.

Ka gaida Hadiza. A sa mu cikin addu'a, Allah ya rufa asiri, ya kuma raba ni da girman kai.

Yayanka,
Amadu magini