Jan Maɓallin da Ya Fice Daga Allo

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Inna, ta sassauta? Ya maigidan da yara? Ni lafiyata ƙalau, kada ki sa komai a ranki, abinci ne dai ba ya shiga kwanan nan.

Kin san aikina tsara fuskar manhajar waya ne, in yanka wa kowane maɓalli girmansa da mazauninsa. Mun yi wa tsofaffi wata mai jan maɓalli a can ƙasa, in jiki ya rikice su danna a kawo musu agaji. Shugabanmu ya ce a kafe shafin, kada ya riƙa ja sama da ƙasa, wai ya fi kyan gani. Muka gwada a wayoyinmu, muka yaba wa kanmu.

Duk cikinmu ba mai raunin ido, shi ya sa ba wanda ya tuna tsoho ƙara girman rubutu yake yi. Wata dattijuwa ta ƙara nata, rubutun ya ture maɓallin har ya fice daga allo. Ranar da jikinta ya rikice, ba maɓallin da za ta danna. A ƙasa aka tsince ta, wayar na hannunta. Tana asibiti, har yau ba baki.

Kafin shayina ya huce na gama gyaran, Yaya. Abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Don Allah kada ku bar Inna ita kaɗai wai don na aiko mata waya. A samu mai zama da ita. Kada ki gaya mata dalili, ki ce ina neman addu'arta.

Ƙaninki.