Askarka, Baba

Zuwa ga mahaifina, wanzamin Bungudu,

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifi, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama. Damina biyu ke nan da ka bar mini zabirarka, kuma yau tsoron buɗe ta nake yi.

Cutar shawara ta shigo mana, Baba. Ba irin wadda jiƙon rawaya ke kora ba. Idon mutum ya koma kamar garin ɗorawa, fitsari ya yi ja, ciki ya kumbura. Da fari mun ɗora wa baƙin da jirgin ƙasa ke saukewa a Gusau laifi. Har da bakina a zaginsu, ka san ni da saurin baki.

To amma Malam Sani na Kekun Waje, wanda muka binne shekaranjiya, ko lori bai taɓa hawa ba. Ni na yi masa ƙaho bayan girbi. Mutum biyun da suka zauna kan tabarmata bayansa, su ma suna kwance. Haka wani mai kayan koli da na yi wa tsaga a kasuwar Tsafe.

Na je asibiti a Gusau, na yi ƙaryar wani abokina ne ke tambaya. Malamin asibitin ya dubi zabirar da ke rataye a kafaɗata, ya ce ciwon yakan bi jini daga wani zuwa wani, ya kwanta watanni kafin ya nuna kansa. Ya ce a dafa aska sosai. Ban iya cin abinci ba ranar.

Na tuna yadda kake goge ta a tafin hannu, ka jawo kan na gaba, kana cewa, "Askar ga da munka gada ba ta cutar kowa." Na gaskata ka, Baba. Har yanzu so nake in gaskata ka.

Jibi sunan 'yata. Inna ta ce da askarka za a yi mata tsagar gida, kamar yadda ka yi mini. Ta same ni ina dafa askar a tukunya, ta tambaya ko miya zan yi da ita. Na yi dariya kawai. Sau uku na dafa ta, zuciyata ba ta kwanta ba. Ina tsoro ƙwarai.

Ka yafe mini, Baba. Ba zan tsaga fuskar yarinyar nan ba. Za a ce jikar wanzami ta fito da kumatu sumul, za a ce na zubar da gidanmu. Su faɗa. Na fi son ta girma ta ji gorin da kunnenta.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya tashi kafaɗun waɗanda ke kwance, Ya yafe mini abin da hannuna ya yi ban sani ba.

Ɗanka mai kewarka,
Garba