Hannun da Ya Ƙi a Ɗauke Shi

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan da nake sha in ji saukarsa har tafin ƙafa. Zuwa ga matata, uwar 'ya'yana, wadda ta koma gidan yayanta ta bar mini gida yana amsa kuwwa.

Kin san ni. Ko ƙusa ban gada ba. Sakandare na gama ta da takalmin da na ɗaure da waya. Walda a tsaye na koye ta, ina leƙe ta bayan kafaɗar mutanen da ba su ma san ina kallo ba, har idanuna suka koma garwashi. Injina na farko matacce ne, a bola na tsinto shi, ni na naɗa masa waya ya tashi. Rumfar kwano ta zama shago, shago ya zama wurin da manyan motoci ke layi. Yau ki bi kowane titi a unguwarmu, ƙofar ƙarfen da ta fi kyau daga hannuna ta fito. Gidan da muke ciki ni na ja igiyar harsashinsa. Ba ubangida, ba ɗan'uwa, ba mai bugun ƙirji ya ce shi ya tsaya mini.

To ga mai duk wannan ya kasa ɓalla maɓallin rigarsa.

Ki yi haƙuri da rubutun, ya yi kama da tonon kaza. Da hagu nake yi. Tun da na faɗo daga kan ƙarfen tankin nan kafaɗar dama ta karye, ko cokali ba ta ɗauka. Akwai masu rubuta mini da na ce a rubuta, amma maganar da ke cikina ba ta kunne na uku ba ce.

Ya tauraruwar asubata, kin tuna safiyar da kika tafi? Ina kokawa da hannun riga, ina gumi, kika zo a hankali kika kama bakin hannun don ki zura mini. Na daka miki tsawa: “Bar shi!” Na ture hannunki. Ba ki yi kuka ba, da ma kukan kika yi. Kika tsaya kina kallona kamar mai kallon gidan da ya tashi daga ciki, kika ce kin gaji da zama baƙuwa a wurin mutumin da bai taɓa buƙatarki ba. Yanzu kuma yayanki ya aiko cewa kina so a sawwaƙe miki. A sawwaƙe! Wa ya taɓa sawwaƙe wa kifi ruwa? Wa ya ce wa bishiya ta sallami saiwarta ta ci gaba da tsayuwa? Tun ranar da saƙon ya iso abinci ya koma yashi a bakina. Ɗakinmu ya yi mini girma. Mayafinki yana nan rataye a bayan ƙofa, in iska ta kaɗa shi sai in juyo da sauri kamar wawa, in ga ba kowa.

Ki saurare ni, farar kurciyata, don abin da zan faɗa miki ni ma ban san da shi ba sai kwanan nan.

Likitan gashin ƙashin da nake zuwa wurinsa wani siririn mutum ne mai sanyin magana, wanda in a shagona ne ko guduma ba zan miƙa masa ba. Aikinsa ya kwantar da ni, ya tallabi hannun, ya ɗaga shi a hankali. Nawa aikin in saki kawai. Saki kawai! Wallahi na ɗauki ƙarfen da mutum biyu ke nishi a kansa, amma sakin hannun nan ya gagare ni. Da ya taɓa ni sai kafaɗar ta ƙage, sai in ga ni nake ɗaga abina. Ya ce ƙashi ya haɗe tuni, ba shi ne matsalar ba. Ya ce in ban bari an ɗauki hannun ba, kafaɗar za ta sandare a haka har abada.

Sai ya ba ni wani aiki da na ɗauka rainin hankali ne. Wai in zauna shiru, in bi numfashina, shigarsa da fitarsa. In tunani ya zo kada in kore shi, kada in bi shi, in dube shi kawai kamar mai zaune a bakin titi yana kallon motoci. Kuma in lura da abin da ke gilmawa a zuciyata daidai lokacin da kafaɗar ke ƙagewa. Na ce masa wannan ai sana'ar marasa aikin yi ce. Ya yi dariya ya ce ai ni ma yanzu ba ni da aikin yi. Ya ci ni.

Na zauna, masoyiyata. A kujerarki ta tsakar gida, da hantsi. Da farko ba abin da ke zuwa sai farashin ƙarfe da fuskarki. Kwana da kwanaki haka. Rannan a asibiti, likitan ya tallabi gwiwar hannuna, ina bin numfashi, sai na ji abin tun kafin ya iso kafaɗa. Haƙorana suka haɗu. A ƙarƙashinsu kuma wata 'yar murya, ƙarama, tsohuwa, tana cewa: zai sake ka. Duk wanda ya ɗauke ka, ajiye ka zai yi.

Na san muryar. Tawa ce, ta ina yaro. Ranar da aka binne babanmu, baffana ya ɗora ni a kafaɗarsa, ya ce wa mutane ni ɗansa ne daga yau. Ba a rufa shekara ba ya kai ni tashar mota da 'yar jakata, ya zaunar da ni a benci, ya ce in jira shi zai sayo ruwa. Na jira, hasken raina, bai dawo ba. Kin san wannan labarin, na sha ba ki shi ina dariya, ina cewa shi ya mai da ni namiji. Abin da ban sani ba shi ne yaron nan bai taɓa tashi daga bencin ba. A can ya yanke hukunci cewa ba wanda zai ƙara ɗaukarsa, kuma shi yake mulkin gidana duk shekarun nan. Shi ke karɓe kaya daga hannunki a bakin ƙofa. Shi ya hana ki zama kusa da ni ranar da zazzaɓi ya kayar da ni. Shi ya ce “bar shi”. Ni da nake taƙama ba wanda ke juya ni, ashe ɗan yaro mai majina ke riƙe da linzamina!

Likitan ya ce kada in yi faɗa da muryar. In ta zo in gane ta, in tambaye ta ko gaskiya take faɗa. Na tambaye ta. Sai ga ki kin faɗo mini a rai.

Kin tuna shekarar farkon aurenmu, ranar da ruwa ya tsuge aka rasa mai riƙe mini ƙarfe, ga mai ƙofar da nake haɗawa yana zuwa karɓa da yamma? Kin kawo mini abinci rumfa, kika ajiye kwano, kika naɗe mayafi a ƙugu, kika kama sandar ƙarfen da hannu biyu. Na ce ki juya fuska kada hasken ya ci miki ido. Kika juya, kina dariya, ruwa na ɗiga ta hujin kwano a kan goshinki kamar raɓa a kan fure. Tartsatsi ya sauka a wuyan hannunki. Na ji ƙaurin, amma ba ki saki ba sai da na ɗaga kai na ce ya kama. Tabon yana nan har yau, ɗan baƙi kamar ƙwayar barkono, ƙarƙashin awarwaronki. Ƙofar nan ce ta fara fitar da sunana. Kuma na yi shekaru ina cika baki a gabanki cewa ba wanda ya taɓa riƙe mini komai, ke kuwa kina zuba mini shayi da hannun nan mai tabo! Wayyo ni! Da wane ido zan dube ki?

Ba zan ce miki na warke ba, ƙarya ba ta cikin kayan aikina. Muryar tana zuwa kullum. Sai dai yanzu ina jin takunta. Shekaranjiya maƙwabcinmu mai shagon magani ya gan ni ina fama da sakatar ƙofa da hannu ɗaya, ya taso zai taya ni. “Bar shi” ta hau har bakin haƙorana. Na ja numfashi, na bar ta ta wuce, na ce na gode. Mutumin ya tsaya yana kallona kamar akuya ce ta yi magana. A asibiti ma na saki hannun, na ɗan lokaci kaɗan, ya yi nauyi a tafin likita kamar ba nawa ba, kuma bai faɗi ba. Hawaye suka zubo mini har cikin kunne. Na ce masa zafin kafaɗa ne.

Yanzu likitan ya ce zuwa asibiti kaɗai ba zai isa ba. Dole a samu wani a gida da zai riƙa ɗaga mini hannun safe da yamma, ni kuwa ina kwance ina sakar masa. Ya tambaye ni wa nake da shi. Ma'aikata ina da su, 'yan'uwanki ma ba za su ƙi ba. Amma hannun nan na san shi, mutum ɗaya yake jira.

Ki dawo, daminata. Ki dawo, iskar da ke riga ruwa isowa. Ban ce ki dawo don girki ba, ban ce don yara ba, ban ce don bakin mutane ba. Ina buƙatarki. Ga ta nan na rubuta, kalmar da ban taɓa faɗa wa mahaluki ba, ki dube ta da kyau, alƙalami har ya huda takardar. Ki zo ki ɗaga mini hannu. In na ƙage, ki jira ni in ja numfashi. In bakina ya riga ni, ki ce mini yaron bencin ne, ba mijinki ba. Kada ki bar yayanki ya sake aiko kowa. Takardar da yake nema, dama ba ta iya rubuta ta, hagu kuwa ta rantse ba za ta koya ba.

Ke malamar makaranta ce, kowace safiya kina kiran sunayen ɗalibai suna amsawa. To ga sabon ɗalibi, mai furfura, ya makara ƙwarai. Ba alfarma nake nema a nan ba, haƙƙina ne, don na zauna na koyi darasin farko da gumina. Ki rubuta sunana. Ki rubuta shi cikakke, da babban baƙi, kada ki taƙaita ko harafi ɗaya. Sannan ki kira shi da bakinki, ki ji yadda zan amsa.

Naki, da dama da hagu, da karyayye da lafiyayye, har ranar da za a ɗauke ni ɗaukar da ba mai cewa a bar shi,

Mijinki.